"Oh", "oops", "huh": ƙananan kalmomin Turanci da ƙamus ba ya iya kamawa

A daren 9 ga Nuwamba, 2011, masu neman jam'iyyar Republican ta tsayar da su takarar shugabancin Amurka suka yi muhawara a jihar Michigan, ana nuna su kai tsaye a talabijin. Rick Perry, gwamnan Texas a lokacin, ya bugi ƙirji ya ce in ya hau mulki ma'aikatu uku zai rushe. Ya ambaci ta kasuwanci. Ya ambaci ta ilimi. Ta ukun ta ƙi zuwa. Ya duba takardunsa, ya waiwaya, abokan takara suna jefo masa sunaye, har aka kusa cin minti guda. Da abin ya gagara sai ya ce ba zai iya tunawa ba, ya rufe da kalma ɗaya: "oops". Ma'aikatar makamashi ce ta kuɓuce masa, ita ce kuma aka ba shi ya shugabanta a 2017.

Mantuwa dai kowa na yi. Abin da ya ƙara dagula masa lissafi ita ce kalmar da ya zaɓa. "Oops" Bature ke faɗa idan cokali ya suɓuce masa, ko shayi ya ɗan fantsama a tebur. Da Perry ya faɗe ta, sai ya zama ya auna kuskurensa da mudun zubar shayi, alhali masu kallo da kujerar shugaban ƙasa suke auna shi. Kalmar tana da iyakar nauyin da take ɗauka, duk wanda ya tashi da Turanci a bakinsa ya san wannan iyaka ba tare da an koya masa ba. Wanda ya koyi Turanci a aji kuwa, da wuya a taɓa gaya masa.

A nahawun Hausa kalmomin motsin rai ake ce wa irinsu: kash, wayyo, tir, haba, af, yauwa. Sunan Turancin, "interjection", daga Latin ya fito, ma'anarsa abin da aka jefa a tsakani. Duka sunayen biyu suna sa a raina su, a ɗauka ƙara ce kawai da ke fita idan rai ya motsa. A 1992 Felix Ameka, masanin harshe ɗan ƙasar Ghana da ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Leiden ta Holan, ya yi rubutu a kan yadda masana suka yi watsi da wannan rukuni. Ya raba su gida biyu ta fuskar asali. Akwai waɗanda ba su da wani aiki sai wannan, kamar "oh", "ouch", "wow", "psst". Akwai kuma na aro, kalmomi masu ma'anarsu da aka jawo su cikin aikin, kamar "well", "boy", "dear", "God". Hausa ma haka take: "haba" ba ta da wani aiki, amma "kai!" wakilin suna ne da aka ara. Ta fuskar aiki kuma ya nuna cewa wasu halin mai magana suke bayyanawa, wasu umarni ne ga mai sauraro, kamar "shh", wasu kuma zaren hira kawai suke riƙewa kada ya tsinke. Wannan kashi na uku ba ruwansa da motsin rai ko kaɗan, shi ne kuma ya fi yawa a bakin mutane.

Abu na farko da ke rikita mai koyo shi ne rubutunsu kame-kame ne. Da yawansu sautuka ne da babu su a sauran kalmomin Turanci, haruffan kuma ƙoƙari ne kawai na kwatanta su. "Shh" da "psst" ba su da wasali. "Ugh" gurnani ne daga maƙogwaro. "Ahem" gyaran murya ce aka rubuta, irin wadda baƙo ke yi a zaure. "Phew", ta samun sauƙi bayan fargaba, da hura iska tsakanin leɓɓa take farawa, wato kusan "f" ɗin Bahaushe, ba ta Bature mai haƙori a kan leɓe ba. Wanda ya karanta su harafi da harafi zai fitar da abin da ba wanda ke faɗa.

A ɗauki "oh", uwar ɗakinsu. Ƙamus zai ce maka ta mamaki ce. Wannan kaɗan ne daga aikinta. John Heritage, masanin nazarin hira, ya nuna a 1984 cewa babban aikin "oh" shi ne sanar da cewa ilimin mai magana ya sauya: ɗazu ban sani ba, yanzu na sani. Ka tambayi abokin aiki ko manaja yana nan, ya ce ya fita tun ƙarfe huɗu, ka ce "oh". Ba mamaki ka yi ba. Rasiɗi ka ba shi cewa labarin ya iso, kuma sabo ne a wurinka. Mafi kusa da ita a Hausa su ne "au" da "ashe", sai "af" idan abin da ka manta ne ya faɗo maka. Shi ya sa malami a aji ba ya cewa "oh" idan ɗalibi ya ba da amsa, don ya riga ya san amsar. "Good" ko "right" zai ce. Masu yi wa 'yan siyasa tambayoyi a rediyo da talabijin su ma suna guje mata, domin "oh" na nuna ka karɓi maganar a matsayin gaskiya, ɗan jarida kuwa bai kamata a ji ya karɓa ba.

Wurin da ta zauna yana sauya ta. Idan aka yi maka tambaya ka fara amsa da "oh", kamar "oh, yes", kana nuna cewa abin bai ma kai a tambaya ba, kamar ka ce "ƙwarai kuwa, ai wannan sananne ne". Ga aboki daɗi ne. Ga mai yi maka tambayoyin ɗaukar aiki, idan ta yi yawa, sai ta fara kama da gadara. Sannan akwai 'ya'yanta, kowanne da halinsa. "Oh no" ta mummunan labari ce. "Oh dear" ta fi yawa a Birtaniya, ta damuwa ce mai sauƙi ko tausayi. "Oh well" sallamawa ce, daidai da "to, ya za a yi". "Oh, come on" ita ce "haba" ta Bature. "Oh, really?" da murya mai hawa tana nufin ƙaro mini bayani, da murya shimfiɗaɗɗiya tana nufin ban yarda ba. Kalmomi iri ɗaya, karin sauti ne ya raba su, kuma a nan Bahaushe yana da fifiko a kan mai koyo daga harshen da ba ya aiki da karin sauti. Kunnen da ke raba "kai" na jiki da "kai" na wanda ake wa magana ba zai kasa raba waɗannan ba, in dai ya san akwai abin saurara.

Kada a haɗa wannan "oh" da "o" ɗin da 'yan Najeriya ke liƙawa a ƙarshen magana, kamar a "sorry o" ko "thank you o". Wannan ta ƙarfafawa ce, aikin "fa" take yi, kuma daga harsunan kudancin ƙasar da Turancin buroka ta shigo. Ta Bature a farkon magana take zama. Wanda ya rubuta wa ɗan Landan "thank you oh", mutumin zai ɗauka an fara wata jimla ne ba a ƙarasa ba. Haka "oh boy" a Amurka ba kiran aboki ba ne kamar a Legas. Ta zumuɗi ce, ko ta ganin wahala na tafe.

Sai 'yan ukun nan da suka fi jawo ruɗani: "uh-huh", "uh-uh" da "uh-oh". A takarda kamar tagwaye suke, a baki kuwa kishiyoyi ne. "Uh-huh" na nufin i. Gaɓa biyu ce, akwai "h" a tsakiya, iska na fita ba katsewa, murya kuma tana hawa a gaɓa ta biyu. "Uh-uh" na nufin a'a. Babu "h", hamza ce a tsakiya, maƙogwaro ya rufe ya buɗe, gaɓa ta farko ta fi tsayin murya, ta biyu ta sauka. Wannan hamzar ita ce dai ta "a'a" da "sa'a" da "jama'a", don haka ba sabon abu ne a bakinmu ba. "Uh-oh" ita ma da hamza, amma wasalin ƙarshe "o" ne, tana nufin an hango matsala: janareto ya fara tari, ko yaro ya ji takun mahaifinsa bayan ya fasa kofi. Idan aka rufe baki, biyun farko su koma "mm-hmm" da "mm-mm", ƙa'idar ba ta sauya ba. Saboda kamanninsu a rubuce, lauyoyi a Amurka sukan gargaɗi mai ba da shaida tun farko cewa ya amsa da "yes" ko "no" ƙarara, domin mai rubuta zaman ba zai iya tabbatar da wacce aka faɗa ba.

Akwai tarko na biyu a cikin "uh-huh". Idan kana tsakiyar bayani Bature yana cewa "uh-huh, uh-huh", ba amincewa yake yi ba. Cewa yake ina jin ka, ci gaba. Mai ciniki da ya zayyana farashi da sharuɗɗa ta waya ya ji "uh-huh" sau goma, ya ajiye waya yana murna an daidaita, to bai sayar da komai ba tukuna. Amincewa sai an ji "yes", "agreed" ko "that works". A gefe guda kuma rashin yin ta matsala ce. Yaron da aka tarbiyyantar da yin shiru idan babba na magana, in ya yi wa Ba'amurke wannan shirun a waya, bayan 'yan daƙiƙu zai ji an ce "hello?", an ɗauka layi ya yanke.

"Huh?" ita ce "iye?" ta Turanci, kuma darajarsu ɗaya. Mark Dingemanse da Francisco Torreira da Nick Enfield na cibiyar Max Planck da ke Nijmegen a Holan sun buga bincike a 2013, inda suka bi diddigin hirarraki a harsuna 10, ciki har da Siwu na ƙasar Ghana, suka kuma duba wasu har jimilla ta kai 31. Suka tarar kusan ko'ina akwai 'yar gaɓa guda mai kama da "huh" da ake jefawa idan ba a ji abin da aka faɗa ba, kuma kowane harshe yana sa mata karin tambayarsa. Binciken ya ci kyautar Ig Nobel a 2015, wadda ake bai wa aikin da ke sa dariya kafin ya sa tunani. To amma kasancewarta gama-gari bai sa ta zama ta ladabi ba. Yadda ɗa mai tarbiyya ba zai ce wa mahaifinsa "iye?" ba sai "na'am?", haka ba a ce wa shugaba a ofis ko jami'in biza "huh?". A Birtaniya "sorry?" ake cewa da murya mai hawa, ko "pardon?". A Amurka "excuse me?" ko "pardon me?". A yi hattara da "excuse me?" ɗin: idan aka danna gaɓar tsakiya aka ja ta, ta tashi daga "ban ji ba" ta koma "da wa kake?". "Huh" tana da wasu ayyuka biyu. A ƙarshen jimla, musamman a Amurka, daidai take da "ko?", kamar a "cold, huh?". Ita kaɗai da murya mai sauka kuma tana nufin abin ya ɗan ba ni mamaki, bari in yi tunani.

Kalmomin jinkiri, "uh" da "um", ana kallonsu a matsayin aibi, amma suna da tsari. Herbert Clark da Jean Fox Tree sun nuna a 2002 cewa mai magana yakan sa "uh" idan ɗan tsaikon da zai yi gajere ne, "um" kuma idan mai tsawo ne. Wato sanarwa ce ga mai sauraro cewa ban gama ba, kada ka karɓe. A littattafan Birtaniya za ka ga an rubuta "er" da "erm". Su ne dai "uh" da "um". Yawancin Turawan Ingila ba sa furta "r" bayan wasali, don haka "er" a wurinsu wasali ne zalla. Mai karatun da ya kaɗa harshe ya fitar da "r" ɗin ya ƙirƙiro kalmar da babu ita. Ga mai shirin ɓangaren baka na IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, wadda ke ɗaukar minti 11 zuwa 14, kuma kwararar magana na cikin abubuwa huɗu da ake ba maki a kai, "um" ɗaya ko biyu ba sa kayar da kowa. Abin da ke rage maki shi ne ta zo a tsakiyar kowace jimla saboda laluben kalma. Gara a tara tsaikon a farkon amsa, a fara da "well", sannan a zubo jimlar a haɗe.

Ita "well" ɗin tana da nata sirrin. A bincike kan harsuna 10 da Tanya Stivers da abokan aikinta suka buga a 2009, matsakaicin tazarar da ke tsakanin tambaya da amsa kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ne. Amsar da ake so tana zuwa nan take. Wadda ba a so ita ke jinkiri, kuma sau da yawa "well" ce ke riƙe mata ƙofa. Ka gayyaci Bature walima ya ce "well…" ya ja ta, to ka fara neman wanda zai zauna a kujerarsa. "Eh to" ce sak. "Well?" da murya mai hawa kuwa ta mai jiran amsa ce da haƙurinsa ya fara ƙarewa. "Well, well, well" ta wanda ya kama ka dumu-dumu ce.

A koma kan ma'aunin nauyi, inda Perry ya zame. Erving Goffman ya yi nazarin irin su "oops" da "ouch" a 1978, ya lura cewa ko da yake kamar da kanka kake magana, don na kusa da kai kake faɗarsu. Wanda ya yi tuntuɓe ya ce "oops" yana gaya wa masu kallo ne cewa na san na zame, abin ƙarami ne, hankalina na jikina. Shi ya sa take zama cin fuska idan ɓarnar babba ce. Akawun da ya tura albashin mutum zuwa wani asusu, ko mai ba da magani da ya miƙa ba wanda likita ya rubuta ba, ba "oops" ce tasu ba. Ban haƙuri ne cikakke da bayanin yadda za a gyara. "Whoops" ƙanwarta ce, "oopsie" kuma ta wasa da yara.

"Ouch" da "ow" na zafin farat ɗaya ne: allura, ƙaya, murfin mota ya datse yatsa. A nan fassarar ƙamus ke yaudara, domin "wayyo" tamu faɗi ne da ita, tana ɗaukar tun daga cizon cinnaka har zuwa rasuwar uwa. "Ouch" ba ta wuce cinnakan da abin da ya yi kama da shi. Ana aronta ga zafin da ba na jiki ba, kamar jin farashi mai tsada ko baƙar magana da ta sami wani, amma kullum da ɗan raha a ciki. Wanda aka gaya wa labarin rasuwa ya ce "ouch" ya yi babban kuskure. "Oh no, I'm so sorry" ake cewa. "Alas" kuma, wadda ƙamus ke bayarwa a madadin "kaico", ta daɗe da barin bakin mutane. A labarin da ɗalibi ya rubuta a jarrabawa tana iya wucewa, amma a hira sai a ɗauka wasan kwaikwayo kake.

Babban giɓin da ke tsakanin harsunan biyu shi ne Turanci ba shi da "sannu". Mu idan mutum ya yi tuntuɓe ko ya yi tari, sannu ce, ba ruwanta da wa ya jawo. Turancin Najeriya ya cike giɓin da "sorry", kuma a gida daidai ne. A Ingila ko Amurka, ga ƙaramin abu irin wannan, "sorry" ɗaukar laifi ce, shi ya sa za ka ji an amsa maka da cewa ai ba laifinka ba ne. Abin da su suke yi shi ne su faɗi kalmar a madadin wanda abin ya sama: ya buge kai, kai ka ce "ouch", ya zubar da takardu, ka ce "oops", sannan ka bi da "are you OK?". Ga atishawa kuma "bless you".

Akwai waɗanda suka yi kama da namu a kunne amma ma'anarsu ta yi hannun riga. "Eh" ta Hausa amincewa ce. Ta Ingila da Kanada, wadda ake furtawa kamar "ei", tambaya ce: ko dai me ka ce, ko kuwa ko ba haka ba. Ba'amurke kuma yana da wata gajeriyar "eh" ta ba yabo ba fallasa. Don haka wanda aka tambaya a saƙon waya ko zai zo taro ya amsa da "eh", a ransa ya ce i, wancan kuwa ya karanta ko dai bai gane ba ko bai damu ba. "Oho" tamu ta ban sani ba ce kuma ba ruwana, "oho!" ta Turanci, wadda ta tsufa, ta wanda ya gano wani sirri ce. Mai neman "oho" ta Hausa a Turanci "whatever" zai ɗauka, da duk rashin kunyar da ke cikinta. "Hmm" ma haka: a kafofin sada zumunta na Najeriya ajiyar zuciya ce, akwai magana amma na yi shiru. Ga Bature shakka ce, ko ina tunani tukuna. Ka aika wa abokin aiki "hmm" bayan ya turo shawara, ya ɗauka ba ta kwanta maka ba.

"Tsk" ta Amurka da "tut" ta Birtaniya sauti ɗaya ne: a manna kan harshe a bayan haƙoran sama, a fizge shi. Sau da yawa ana fassara ta da tsaki, amma ba nauyinsu ɗaya ba. Tsaki jan iska ne ta tsakanin haƙora, kuma raini ne tsagwaronsa, yaro ya yi wa babba sai an yi shari'a. "Tut" kuwa ɗan nuna rashin jin daɗi ne, irin na tsohuwar da aka tsallake a layi. Tsakin namu yana nan a Jamaika da sauran tsibiran Karebiyan, inda bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma suka kai shi.

Wajen kiran mutum, "psst" ta asiri ce, zo ka ji a kunne. "Hey" tsakanin sa'o'i lafiya lau, ga wanda ba ka sani ba tana da kaushi. "Oi" ta Birtaniya kusan neman faɗa ce, kamar "kai!" da tsawa. Sautin "sss" da ake kiran mai talla ko ɗan acaɓa da shi a titunanmu, a gidan abinci a Landan wulaƙanci ne ga ma'aikaci. "Excuse me" ita ce ba ta taɓa jawo rigima.

Wurin da al'adun biyu suka fi rabuwa shi ne ambaton Allah. Bahaushe ya firgita ya ce "Subhanallahi" ko "Inna lillahi", kowa ya san zikiri ne. A al'adar Kirista ta Turawa, jefa sunan Allah ko na Yesu cikin mamaki ko fushi saɓo ne, bisa dokar da ke Littafin Fitowa 20:7 ta hana ambaton sunan Ubangiji a banza. A 1606 majalisar Ingila ta kafa dokar cin tarar fam 10 ga ɗan wasan da ya yi haka a dandali. Wannan tsoro ne ya haifar da jerin kalmomin kauce wa saɓo, inda ake lanƙwasa sunan har ya ɓace: "gosh" da "golly" daga "God", "gee" da "jeez" daga "Jesus", "crikey" daga "Christ", "darn" daga "damn", "heck" daga "hell", "blimey" ta Ingila kuma daga roƙon Allah ya makantar da ni. Matakan a yau haka suke: "gosh", "goodness" da "oh my" ana faɗarsu gaban kowa. "Oh my God" ta zama ruwan dare, amma har yanzu tana sosa ran masu riƙo da addini, musamman a kudancin Amurka. "Jesus!" ko "Christ!" a matsayin tsawa kuwa ashar ne a kunnen mutane da yawa, ga Musulmi ma sunan Annabi Isa ne ake wasa da shi. Matasan da suka tsince ta a fina-finai suna yi mata kallon "kai!", ba haka take ba. Haka kalmar ashar ɗin nan mai harafi huɗu da ke nufin bayan gida. Masu kamun kai "shoot" ko "sugar" suke cewa a madadinta. Gajarcewar "OMG" kuma ta girmi wayar hannu nesa ba kusa ba: tana cikin wasiƙar da tsohon shugaban sojan ruwan Birtaniya, John Fisher, ya aika wa Winston Churchill a 1917.

Na zamani ba sa buƙatar dogon bayani, sai gargaɗi ɗaya: rabinsu gatse ne. "Wow" da murya mai tashi yabo ne, amma "wow" a shimfiɗe, ko a rubuce da aya maimakon alamar motsin rai, na nufin ban taɓa ganin rashin kunya irin wannan ba. "Yeah, right" i biyu ne da suka haɗu suka zama a'a. "Meh", wadda ƙamus ɗin Collins ya shigar a 2008, ta abin da bai burge ba ce. "Duh" na nufin wannan ko yaro ya sani, kuma faɗa wa wani ita raini ne. Ba ɗaya suke da "d'oh" ta shirin The Simpsons ba, wadda ƙamus ɗin Oxford ya karɓa a 2001. Ita mutum kansa yake yi wa idan ya tafka wauta. "Yuck" da "ew" na ƙyama ne, "yikes" ta ɗan firgici, "aw" ta ganin jariri ko tausayi, "yay" ta murna.

A rubuce, ƙa'idar alamomi gajeriya ce. Idan motsin mai sauƙi ne, waƙafi ke bin kalmar, jimla ta ci gaba da ƙaramin harafi: "Oh, I see." Idan mai ƙarfi ne, alamar motsin rai, sabuwar jimla ta fara da babban harafi: "Ouch! That hurt." Kurakuran da suka fi yawa su ne rubuta "awe", wadda ke nufin kwarjini, a wurin "aw", da cakuɗa "yeah" ta amincewa da "yay" ta murna da "yea" ta kaɗa ƙuri'a a majalisa, da "woah" a wurin "whoa", wadda asalinta tsayar da doki ce, kuma ita editoci suka fi yarda da ita. A wasiƙar neman aiki, rahoto, ko muƙalar jarrabawa ta muhawara, babu wurin ko ɗayansu.

Mai son ya ƙware a kansu kada ya dogara da rubutun da ke bin ƙasan fim, domin masu yin sa sukan zubar da "uh", "oh" da "mm-hmm" don tsimin wuri, 'yan wasa kuma rubutacciyar magana suke yi, wadda aka riga aka tace. A nemi hirar da ba a shirya ba, kamar shirin rediyo na kiran waya ko tattaunawar 'yan ƙwallo bayan wasa, a yanki minti biyu, a saurara sau uku. Duk inda ɗaya ta fito a rubuta abu huɗu: me aka faɗa kafin ta, a farkon magana take ko a ƙarshe ko ita kaɗai, murya ta hau ko ta sauka, sannan me ɗayan ya yi bayan ya ji ta. Na huɗun ya fi sauran amfani. Idan bayan "oh" mai magana ya tsaya, to ya ɗauka an gane. Idan ya sake bayani da wasu kalmomi, to waccan "oh" ɗin tambaya ce.